Zakara da Kifi a Tsibirin Kanumfari

Da sunan Mai tekuna da tuddai, Mai kai bawa inda bai yi niyya ba, Ya kuma dawo da shi in Ya ga dama. Ku matso kusa, ku da kuka ga furfurata kuka tambaye ni inda na samo ta. Ni ne Jatau ɗan Barmo, mutumin Kwarin Gamji. Abin da zan gaya muku idona ne ya gani, kunnena ya ji, bakina kuma ya juya shi daga wani harshe zuwa wani.

Ubana mai sayar da kayan yaji ne. Cikin duk kayansa babu abin da yake ɓoyewa kamar kanumfari, tsinke-tsinke yake fitar da shi daga wani ɗan gora. Tun ina ƙarami nake tambayarsa inda itacen yake tsiro, shi kuwa ya ce mini, "Can bayan teku, inda ƙafar ɗan garin nan ba ta taɓa zuwa ba." Da Allah Ya yi masa rasuwa, sai na ɗaura niyyar sai na ga itacen nan da idona, in kuma da rabo in dawo da buhu guda.

Na bi fatake muka yanki jeji. Muka ratsa Kwazazzabon Duwatsu Masu Kuka, inda iska ke sa dutse shessheƙa kamar mace mai takaba, har jakuna suka ƙi tafiya sai da muka toshe musu kunnuwa da auduga. Muka kwana biyu a wani birni da mutanensa ke yawo bisa dogayen sanduna saboda zafin ƙasarsu. Duk inda muka sauka, harshen wurin sai ya manne mini, don wannan ce baiwar da Allah Ya yi mini. A ƙarshe muka iso Bakin Gishiri, garin da ƙasa ta ƙare ruwa ya fara.

A nan na fara ganin Turawa. Iri biyu ne, kowanne da kamfanin cinikinsa da sarkinsa can nesa. Waɗansu tutarsu na da hoton zakara, waɗansu hoton kifi, don haka mutane ke kiran su Turawan Zakara da Turawan Kifi. Na daɗe ina zama cikin matuƙan jiragensu har na iya harsunan biyu, na kuwa yi mamakin yadda suke kama da juna kamar wa da ƙane.

Wani attajirin garin ya ɗauke ni a jirginsa mai tafiya da iska, muka shiga Tekun Madubi. Ruwan tekun nan garau yake, har in ka leƙa za ka hangi rufin gidajen wani tsohon birni da ya nutse, kifaye na shiga ta ƙofa suna fita ta taga. Ina cikin kallon wannan abin al'ajabi ne igwa ta tashi a bayanmu. Wani ƙaton jirgi mai tutar zakara ya tare mana hanya.

Shugabansu wani kakkauran mutum ne da matuƙa ke kira Jan Gemu. Ya nuna wa attajirinmu da hannu cewa tekun nan nasu ne, ba a bin sa sai da izininsu. Suka kwashe kayanmu, suka cinna wa jirgin wuta, suka ɗaure mu a rana. Ina zaune a ɗaure na ji suna shawara: za su sayar da mu a gaba, kuma tafintansu zazzaɓi ya kashe shi, ba su san yadda za su yi ciniki in sun isa Tsibirin Kanumfari ba.

Sai na ɗaga murya na gaishe shi da harshensa. Ya juyo kamar an tsikare shi.

"Kana jin harshen mutanen tsibiri?" in ji shi.

"Ba jimawa zan iya shi," na ce. "Amma ni bakina ba ya buɗewa in 'yan'uwana na ɗaure. Ka sauke su a gaɓa, ni in bi ka."

Ya dube ni, ya yi dariya ya ce a kwance su. Haka na zama tafintan Turawan Zakara.

Tsibirin Kanumfari hanci ke fara ganinsa kafin ido. Tun muna tsakiyar ruwa ƙamshin ya taro mu. Da muka shiga mashigin jiragen tsibirin, na ga ganuwar dutse biyu suna fuskantar juna, ta gabas da tutar zakara, ta yamma da tutar kifi, kowacce da bakin igwa a leƙe. Bayansu kuwa itatuwa ne kore shar har kan wani babban tudu.

Aka ba ni masauki a gindin tudun, gidan wata dattijuwa mai suna Tabawa, wadda sana'arta shanya kanumfari. Ita ta koya mini harshensu, tana yi mini dariya in na karkace kalma. A al'adarsu, duk yaron da aka haifa ana dasa masa itace, a kira itacen da sunansa. Ɗanta guda ne, wani saurayi mai yawan raha, Tankari, kuma itacensa na bayan ɗaki. In ya tafi kamun kifi ya daɗe bai dawo ba, sai ka ji tana yi wa itacen faɗa.

"Iya, ai ba ya jin ki," na ce mata wata rana.

"Shi ma wancan ba ya ji," in ji ta. "Gara wannan, ba ya mayar mini da magana."

A wurinta na san halin da tsibirin ke ciki. Tsohon sarki ya rasu ya bar 'ya'ya biyu. Babbar, Magajiya Hajjo, tana riƙe da garin yamma. Ƙanenta Dikko yana riƙe da garin gabas. Tudun da ke tsakaninsu, inda kabarin ubansu yake da itatuwa mafiya tsufa, ba a ce na wane ba ne. Suna ta ja-in-ja a kai, amma ja-in-ja ta 'yan gida ɗaya: yau a yi fushi, gobe a aika wa juna tuwon suna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Jan Gemu da shugaban Turawan Kifi, wanda ake kira Dogon Wuya, abokan cin abinci ne. Sukan haɗu da rana a inuwar wani itace a bakin ruwa, su ci su sha, ni ina tsaye ko za a buƙace ni. Ran nan Dogon Wuya ya ɗauki ƙwayar kanumfari yana juya ta a yatsa, ya ce, "Ka san wata rana sai na harbe ka saboda wannan."

"Na sani," in ji Jan Gemu. "Miƙo mini gishiri."

A hanyar komawa na kasa haƙuri. Na ce, "Maigida, itatuwan nan sun ishe ku ku biyu, har ku bar saura. Me ya kawo maganar harbi?"

Ya ce, "In ni kaɗai na kai kanumfari ƙasarmu, abin da na faɗa shi ne kuɗinsa. In mu biyu muka kai, masu saye su yi ta wasa da mu. Masu kamfanina ba rabi suke so ba, duka suke so. Nasa ma haka. Kuma abin da kamfani ya samu, da shi sarki ke ƙera jiragen yaƙi. In nasu suka fi namu yawa, gobe a ƙofar gidanmu za mu gan su."

"To su ma ba tsoron da suke ji ke nan ba?"

"Shi ne," in ji shi.

Ba a daɗe ba ya tafi fadar Dikko da akwatunan bindigogi da albarushi. Ya ce zai taimake shi ya karɓi tudun ubansa, in ya rantse ba zai sayar wa kowa kanumfari ba sai su. Na juya maganar yadda take. Sannan Jan Gemu ya ƙara wani sharaɗi, na juya shi a hankali don ya shiga kunne.

"Ranka ya daɗe, ya ce duk itacen da suka ga ya yi yawa, suna da ikon sare shi."

"Itatuwan Yaya ke nan," in ji Dikko. "A sare."

"Bai ce nata kaɗai ba, ranka ya daɗe."

Dikko ya ɗaure fuska. Saurayi ne, kuma idon fadawa na kansa. "Kai tafinta ne ko waziri?" in ji shi. Ya ɗora hannu a kan takobin ubansa ya rantse. Kafin mako ya zagayo muka ji Dogon Wuya ya kai wa Magajiya Hajjo irin waɗannan akwatuna, ita ma ta rantse, don ba za ta zauna hannu sake ƙanenta na da bindiga ba. Aka tara samarin gabas ana koya musu harbi, har da Tankari. Tuwon suna ya daina ƙetare tudu.

Wata safiya wani jirgi ya shigo mashigi da baƙin ƙyalle a saman tutarsa, mutanen ciki na ta ihu tun kafin su tsaya. Wai sarkin wata ƙasa ta uku ya mutu bai bar ɗa ba. Sarkin Zakara ya ce gadon na ɗan 'yar'uwarsa ne, sarkin Kifi ya ce na surukinsa ne, sun kuwa ɗaura yaƙi. Saboda haka duk inda zakara ya haɗu da kifi a bayan ƙasa, sai wuta.

Da na gaya wa Dikko, sai ya ce, "Allah Ya ji ƙansa. To mu ina ruwanmu?"

Jan Gemu ya ce in gaya masa ranar karɓar tudu ta zo. Ni kuwa a gefe ya ce mini, "Da bai mutu ba, da an nemo wani dalilin."

Da hantsi aka yi karon. Samarin gabas suka hau tudu ta nan, na yamma ta can, Turawa na baya kowanne da igwarsa. Yara ne da suka tashi tare, waɗansu ma uwa ɗaya ta shayar da su. Hayaƙi ya rufe itatuwa, ba ka jin komai sai ƙara da kiran sunaye. Kafin azahar gabas ta karɓi tudu. Aka sauko da gawarwaki a kan ƙyauren ƙofofi, na ga ƙafar Tankari na lilo, na gane ta da wani tabo da ƙugiya ta yi masa.

Iya Tabawa ba ta yi kuka ba a ranar. Ta zauna a gindin itacensa ta jingina kai.

Ko sadakar uku ba a yi ba Jan Gemu ya fito da gatura. Ya ce kanumfarin da ke kusa da ganuwarsa ya ishe shi, sauran kuwa in aka bar shi zai iya faɗawa hannun abokan gaba. Aka fara da tsofaffin itatuwan tudu, aka gangaro gidajen mutanen Dikko kansu. Da suka iso gidanmu, Iya ta rungume itacen.

"Jatau, gaya musu," in ji ta. "Gaya musu shi kaɗai ya rage mini."

Na gaya musu da harshensu, na sake gaya musu, na durƙusa. Wani soja ya ce umarni ne. Mutum biyu suka ɓamɓare hannuwanta. Da itacen ya faɗi, a nan ne ta yi ƙarar da har yau nake ji in na shiga kasuwa na shaƙi ƙamshin nan.

Na tafi wurin Dikko kai tsaye. Na same shi shi kaɗai a zaure, ya rame, ƙarar gatura na shigowa ta taga.

"Ranka ya daɗe, ka aika wa yayarka," na ce. "Ku ne za ku zauna a tsibirin nan bayan jiragen sun tafi."

Ya ce, "Za ta saurare ni bayan jinin da aka zubar?"

"Bari in je in ji."

Ashe wani bafade da Turawa ke yi wa alheri na laɓe. Ina fita sojoji suka kama ni. Jan Gemu ya ce na ci amanarsa, za a rataye ni a gaban jama'a don kowa ya gani. Kafin nan aka jefa ni cikin sito, inda suke tara buhunan kanumfari, aka kulle.

Ina kwance cikin buhunan nan na ji masu gadi na hira a bakin ƙofa. Wai kanumfarin ya yi yawa, in aka kai shi duka zai yi araha, don haka za a fitar da rabi bakin ruwa a ƙone. Da farko na ɗauka kunnena ne. Sai na tashi na kwance bakin wani buhu, na zubar da fiye da rabinsa a bayan sauran, na shige ciki, na jawo bakin na riƙe ta ciki da igiyarsa. Da 'yan dako suka zo kwasa, wani ya saɓa ni a kafaɗa yana tsaki saboda nauyi, ya kai ni ya jefar bisa tsibin.

Na ji an cinna wuta. Na daure har zafi ya fara lasar ƙafata, hayaƙin ya yi kauri har sojoji suka ja da baya suna tari. Sai na saki igiya na mirgino ta ɓangaren ruwa, na faɗa teku. Ina iyo ina waiwayen abin da ubana ke sayarwa tsinke-tsinke yana ci da wuta tsibi guda kamar juji. Waɗansu masunta suka tsamo ni suka kai ni yamma.

Magajiya Hajjo doguwar mace ce mai kaifin ido. Ta saurare ni har na gama, ga ƙunar ƙafata tana gani.

"Shi ya aiko ka, ko kai ka aiko kanka?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, tambaya ya yi ko za ki saurare shi."

Ta juya fuska gefe. "Ni na goya shi," in ji ta. "Je ka ce masa mu haɗu a kabarin Baba."

Masunta suka kai saƙon. Washegari da safe suka haɗu a kan tudu, ba bindiga ba fadawa, sai ni a nesa kaɗan. Babu inuwa ko ɗaya, kututture ne ko'ina. Dikko ya durƙusa ya ce, "Yaya." Ta dafa kansa. Suka fara magana ƙasa-ƙasa, yadda za su janye samarinsu su bar Turawa su yi yaƙinsu da hannunsu. Zuciyata ta fara sanyi.

Sai igwa ta tashi daga ganuwar gabas, ta yamma ta amsa. Muka ɗauka yaƙi ne ya dawo. Da muka leƙa mashigi, sai ga wani sabon jirgi da farin ƙyalle, ana ta kaɗa ganguna. Harbin murna ne. Sarkin Zakara da sarkin Kifi sun shirya tun da daɗewa, labarin ne bai iso ba. Ranar da Tankari ya faɗi, su can sun riga sun ci abincin sulhu.

Muka sauko bakin ruwa muka tarar da Jan Gemu da Dogon Wuya suna musafaha. Jan Gemu ya gan ni bai ko damu ba, maganar rataya ta wuce. Aka ce in juya wa jama'a abin da aka yanke. Sarkin Zakara ya bar wa sarkin Kifi tsibirin nan gaba ɗaya, shi kuma an ba shi wani tsibiri mai rake a wani teku da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Dikko kuwa, tunda ya ɗauki makami a kan masu tsibiri na yanzu, za a kai shi wani dutse a tsakiyar ruwa ya ƙare kwanansa.

Dikko ya dubi Jan Gemu. "Tambaye shi ina rantsuwar da muka yi."

Na tambaya. Jan Gemu ya ce, "Gaya masa ba ni na yanke ba." Ya juya ya shiga kwalekwale.

Aka sa wa Dikko marin ƙarfe. Magajiya ta matso gaban Dogon Wuya ta ce in gaya masa ta yafe wa ƙanenta, rigimar gida ce, a sake shi. Ya amsa cikin ladabi cewa ba shi da iko. Ya ƙara da cewa ita za ta ci gaba da sarauta, sai dai za a rage itatuwan yamma su ma, a bar na kusa da ganuwa.

Ta dubi tudu. Sannan ta cire mundayen sarauta daga hannunta, ta ajiye su a kan yashi a gabansa.

"Gaya masa ya nemi wanda zai yi wa kututture sarauta," in ji ta. Ta tattara zanenta ta shiga kwalekwalen da aka sa ƙanenta, ta zauna kusa da shi. Iya Tabawa ta fito daga cikin taro ba ta ɗauki ko tsinke ba, ta bi ta. Na dubi jirgin Zakara da ke shirin komawa Bakin Gishiri, hanyar gida ke nan. Na dubi kwalekwalen. Na shiga.

Dutsen da aka kai mu ba shi da itace, sai 'yan bukkokin masunta da tsuntsayen teku. Muka rayu da kifi da ruwan sama. Iya Tabawa ce ta fara rasuwa, Dikko ya bi ta bayan waɗansu shekaru, kansa a cinyar yayarsa. Matan wurin suna da wata sana'a: akwai wata ƙaramar katantanwa a gaɓar, suna matse ta su rina zare, ya fito da wani ja mai duhu da ban taɓa ganin kamarsa ba, ba ya kuma koɗewa. Magajiya ta koya, har ta fi su iyawa.

Kafin Allah Ya buɗe mini hanyar dawowa, wata rana da hantsi wani jirgi ya tsaya neman ruwan sha. Tutarsa ba zakara ba kifi, wata dabba ce mai ƙaho. Shugabansu saurayi ne mai fara'a. Ya hangi zaren a kan shanya, ya tsaya cak. Ya taɓa shi, ya ɗaga shi a rana, ya kira abokinsa. Harshensu ɗan'uwan waɗancan biyun ne, ba kalmar da ta wuce ni. Yana cewa, "Ka taɓa ganin irin wannan launi? Nemo wanda zai gaya mana da me suke yin sa, kafin waɗansu su riga mu."

Magajiya na zaune a ƙofar bukka, ta tsufa, idonta ya fara dushewa. Ta ce, "Jatau, me yake cewa?"

Na gaya mata a hankali.

Ta jawo zanenta ta rufe hannuwanta da rini ya yi wa ja. "Kai fa ba ka jin harshensa," in ji ta.

Saurayin ya zo gabana yana murmushi, ya gwada ni da harshensa, ya gwada da na Zakara, ya gwada da na Kifi. Na tsaya ina kallon bakinsa kamar mai kallon ruwa na gudu. Ya gaji, ya yar da zaren, suka cika tulunansu suka tafi. Ba mu motsa ba sai da jirgin ya ɓace.

Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya ji ya riƙe, Allah Ya ji ƙan waɗanda na ambata.